Malami Kafin Kwamfuta: Shawara Ga Masu Son Faɗaɗa Koya Wa Yara Gina Shafin Intanet A Ƙasar Kazaure

Yau ina neman afuwarku, za mu ɗan jingine labarin da muke bi, mu tattauna wata magana da ta shafi 'ya'yanmu da ƙannenmu, wadda kuma in mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni zuwa ƙarshe zai ga ta shafi makomar adabin da muke taruwa a nan dominsa.

A 'yan shekarun nan an wayi gari matasa masu kishi suna tara yara lokacin hutu, a wani aji ko wani shago, suna koya musu yadda ake gina shafin intanet. Abin sha'awa ne ƙwarai. Amma na lura da wata al'ada: da zarar aji ɗaya ya yi kyau, iyaye sun yaba, an ɗauki hotuna, sai tunanin faɗaɗawa ya taso, kuma kusan kullum hanya ɗaya ake bi. Za a rubuta takardar neman tallafi, a lissafa kwamfuta ɗari ko ɗari biyu, a ce za a buɗe cibiyoyi a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura rana ɗaya, a gayyaci manya su yanke ƙyalle. Ra'ayina shi ne wannan ita ce hanya mafi sauri ta kashe shirin. Shiri irin wannan da yawan malamai yake girma, kuma duk wanda zai tsara faɗaɗa shi ya kamata ya fara ƙirga mutanen da za su tsaya a gaban yara kafin ya ƙirga na'ura ko ɗaya.

Me ya sa ƙasar Kazaure?

Akwai wani dace da ba kowa ya lura da shi ba. A watan Agusta na 1991 ne Baturen Ingila Tim Berners-Lee ya buɗe wa duniya tsarin yanar gizo da ya ƙirƙira a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, kuma a ranar 27 ga wannan watan ne aka ƙirƙiri Jihar Jigawa. Ke nan jihar da shafin intanet sa'o'in juna ne. Shekara goma bayan haka, a 2001, gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ta kafa makarantar koyon kwamfuta a Kazaure tare da haɗin gwiwar kamfanin Informatics na ƙasar Singafo, a lokacin da mafi yawan jihohin Arewa ko tunanin abin ba su fara ba. Mutane da dama sun yi dariya a lokacin, suna cewa jihar manoma ina ita ina kwamfuta. Makarantar tana nan, kuma a bakin jama'a har gobe Informatics ce.

A garin kuma akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu, wadda ta fara a matsayin ta jiha, gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 2007. Sannan a 2021 aka sanar da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Mai karatu ya duba da kyau: manyan makarantu uku na fasaha a yanki ɗaya na karkara. Garuruwa nawa ne a Arewa za su bugi ƙirji su ce suna da haka?

Sai dai duk ukun jinka ce, suna karɓar wanda ya gama sakandare. Tambayar ita ce ina ginin da za a ɗora jinkar a kai? Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta, kuma duk wanda ya san karkararmu ya san akwai yaran da ba su taɓa ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta ba sai ana saura 'yan kwanaki jarrabawa, wasu ma sai ranar. Yaron da yake ƙauyen Gwiwa ko na Roni yana iya wucewa ta ƙofar waɗannan makarantu a bayan babur, amma kujerun da ke ciki yaran birane ne za su fi cika su, domin sun riga shi sabawa da abin tun suna ƙanana. Wannan giɓin shi ne aikin shirin koyar da yara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sana'ar da ba ta cin kuɗi

Watakila mai karatu ya ɗauka gina shafi wani babban siddabaru ne. A'a. Shafin intanet rubutu ne zalla, wanda aka yi wa wasu alamomi da ke gaya wa kwamfuta cewa wannan layin kanun labari ne, wannan sakin layi ne, nan hoto zai zauna, nan kuma in an taɓa za a tafi wani shafin. Waɗannan alamomi su ake kira HTML. Akwai kuma abokin tafiyarsu CSS, wanda shi ke kula da kwalliya, wato launi da girman harafi da inda kowane abu zai tsaya. In an kwatanta da ɗinki, HTML shi ne yanka da haɗawa, CSS kuma shi ne aikin wuya da surfani.

Abin da ya kamata mai tsara shiri ya riƙe shi ne wannan: yaro zai iya rubuta shafinsa a manhajar Notepad da ke zuwa da kowace kwamfuta mai Windows, ya adana, ya buɗe shi a burauza ya ga aikinsa, ba tare da intanet ba ko na sisin kwabo. Tsohuwar kwamfuta 'yar shekara goma ta isa. A rana ta farko yaro zai iya ganin sunansa da sunan garinsu sun fito da manyan haruffa a launin da ya zaɓa, kuma wannan farin cikin shi ke dawo da shi gobe. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 tayar da janareta ya zama ɗaukar Dala ba gammo, a farkon 2025 kuma aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Saboda haka sana'ar da za a koya ba data, da ƙaramar wutar sola, ita ce ta dace da mu. In kuwa na'urar ba ta da tsada haka, to ashe ba ita ce matsalar ba.

Daga na gaba ake gane zurfin ruwa

A tsakiyar shekarun 2000 wani farfesa Ba'amurke, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin bai wa kowane yaro kwamfutarsa, wadda aka yi ta yayatawa da sunan kwamfutar dala ɗari. Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka nuna sha'awa, har aka yi maganar sayen miliyan guda. A 2007 aka yi gwaji a wata makarantar firamare da ke Galadima a gefen Abuja, hotunan yara riƙe da koren kwamfutoci suka zaga duniya. Ba a je ko'ina ba gwajin ya tsaya, miliyan ɗin kuma ba a saya ba.

Ƙasar Peru ita ta rungumi shirin hannu bibbiyu, ta sayi fiye da 800,000. A 2012 masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka suka fitar da sakamakon nazarin da suka yi a makarantun karkara 319. Sun samu cewa yara sun iya sarrafa na'urar, amma a lissafi da karatun harshe babu wani ci gaba da aka gani. An kai kaya, ba a shirya wanda zai koyar da su yadda ya kamata ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A ɗaya gefen kuma, a 2011 a birnin Cork na ƙasar Ayalan, wani matashi ɗan shekara 18 mai suna James Whelton da wani ɗan kasuwa Bill Liao suka fara tara yara kyauta suna koya musu gina shafi da rubuta manhaja, suka sa wa abin suna CoderDojo. Ba su raba kwamfuta ba. Abin da suka yaɗa shi ne tsari: masu sa kai su koyar, a ari ɗaki, wanda ya iya ya nuna wa wanda bai iya ba. Cikin shekaru ƙalilan ya bazu zuwa ƙasashe da dama, a 2017 kuma ya haɗe da gidauniyar Raspberry Pi ta Ingila. Ba na cewa a kwafo su, domin yaran Ayalan da yawa da kwamfutarsu suke zuwa daga gida. Ina dai nuna inda ƙarfin yake.

Mu kuwa ba ma sai mun je Turai neman wannan darasi ba, yana tsakar gidanmu. Ta yaya karatun allo ya game ƙasar Hausa ɗaruruwan shekaru ba tare da kasafin kuɗin gwamnati ba? Malam ɗaya ba zai iya biya wa almajirai ɗari karatu shi kaɗai ba, saboda haka gardi ke biya wa titibiri, titibiri ya duba allon kolo. Wanda ya sauke ya ƙoshi sai malam ya yi masa izini, ya koma garinsu ya kafa tasa makarantar, shi ma ya fara renon nasa gardawan. Allo da tawada da alƙalamin gamba ba su taɓa zama abin da ya hana makaranta tsayuwa ba. Makaranta tana tsayuwa ne ranar da aka samu malami mazaunin gari. Duk matsalolin da tsarin almajirci yake fama da su a yau, wannan dabarar ta haifar malami daga cikin ɗalibi ba ta da na biyu, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Yadda nake ganin a tsara shi

Ga shawarata, da lissafin da kowa zai iya bi ya gyara. A ɗauki aji ɗaya a matsayin yara 20 da kwamfuta 10, yara biyu a kowace na'ura. Zaman biyu-biyu ba don talauci kaɗai ba ne, yana da amfani: ɗaya yana bugawa ɗaya yana duba kuskure, sai su yi musanya. A yi zama biyu a mako na tsawon mako 12. In aka yi zango uku a shekara, aji ɗaya zai yaye yara 60.

Shekarar farko kada a wuce aji biyu, kuma duka a cikin garin Kazaure, inda masu ilimin suke kusa, inda kuma in na'ura ta lalace akwai mai gyara. Na san wannan zai yi wa masu zumuɗi kaɗan. Amma aikin shekarar farko shi ne a gano abin da ke tafiya da abin da ba ya tafiya, a rubuta darussan mako 12 ɗin da Hausa a ɗan littafi, a gwada su a kan yara na gaske har sau uku, a gyara. Sannan a kowane zango a zaunar da manya biyu a bayan aji a matsayin mataimaka, waɗanda su ne malaman gobe.

Su wa za a ɗauko? A nan ake yawan yin kuskure. Ɗaliban Informatics da na kwalejin Hussaini Adamu da na jami'ar Babura suna da amfani matuƙa, musamman masu neman wurin yin aikin sanin makama, haka ma masu yi wa ƙasa hidima. Amma dukkansu baƙi ne masu tafiya. Mai hidimar ƙasa shekara ɗaya zai yi ya ɗaure jakarsa, ɗalibi kuma ranar da aka koma makaranta ya tafi ke nan. A yi amfani da su a matsayin masu horarwa da masu taimako, amma ginshiƙin aji ya zama mutumin da gidansa da gonarsa da iyalinsa suke garin: malamin ƙaramar sakandare, ko malamar Islamiyya da ta yi karatun boko, ko matashin da yake da shagon buga takardu a bakin kasuwa. Ba a buƙatar mai digiri a kimiyyar kwamfuta. Wanda ya iya karatu da rubutu sosai kuma yake da haƙuri da yara zai iya riƙe darasin mako 12 in ya zauna ya bi shi sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe.

Daga nan sai a kafa ƙa'ida ɗaya wadda ba a karya ta ko don wane: ba za a buɗe sabon aji a wani gari ba sai an samu mazaunin garin da ya yi zango guda cur yana taimakawa a tsohon aji, ya kuma jagoranci darasi a gaban wanda ya horar da shi. Ko da wani mai hali ko ɗan siyasa ya kawo kwamfuta hamsin ya ce a kai mazaɓarsa gobe, a yi masa godiya, a ajiye kayan, a ce masa ya turo mutum tukuna. Wannan ƙa'idar ita za ta fi jawo wa masu shirin baƙin jini, kuma ita ce za ta cece su.

In aka bi haka, kowane aji zai iya haifar aji ɗaya a shekara. Biyu su zama 4, su zama 8, su zama 16 a shekara ta huɗu. Yaran da za a yaye su ne 120, sai 240, sai 480, sai 960, jimla 1,800 cikin shekara huɗu, kuma a ƙarshe akwai malamai 16 da suka san aikin da hannunsu. Wanda ya buɗe cibiya 16 a rana ɗaya zai riga mu shiga jarida, amma a koma bayan shekara biyu a ƙirga ɗakuna nawa ne ba a garƙame da kwaɗo ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Kowane gari da irin tasa

Kada a yi wa ƙananan hukumomin nan kuɗin goro. Babura tana da jami'a a ƙofar gida, saboda haka ita ya kamata ta zama cibiya ta biyu mai cin gashin kanta, ta riƙa horar da nata malaman ba sai an jira Kazaure ba. Ga shi kuma tana ƙarƙashin masarautar Ringim, ba ta Kazaure ba, don haka neman izini da goyon bayan iyayen ƙasa ta can za a bi. Roni da Gwiwa kuwa, kamar 'Yankwashi, ƙasar Sarkin Kazaure ce, kuma jama'arsu a warwatse suke a ƙauyuka. A can gina ɗakin kwamfuta na dindindin a hedikwatar ƙaramar hukuma zai amfani yaran cikin gari ne kawai. Abin da ya fi shi ne akwati: kwamfutocin tafi-da-gidanka guda goma, da batir, da faifan sola, a hannun malami ɗaya, ya yi zango a wannan makaranta ya ɗauka zuwa waccan. Kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta cin wuta kamar ta kan tebur, kuma tana riƙe caji in rana ta yi sanyi.

Lokaci ma abin tsarawa ne. Wanda ya sa aji a tsakiyar damina a ƙauye, lokacin noma da maimai, shi da kujeru zai zauna. Wanda ya sa shi ya ci karo da Islamiyyar yamma ya sayi rigima da iyaye, kuma su ke da gaskiya. Alhamis da Juma'a da yamma, da makarantun allo da Islamiyyu da yawa suke hutu, sun fi dacewa, a kuma kauce wa ranar kasuwar garin. A tambayi mai unguwa da liman da shugaban makaranta kafin a buga jadawali.

Sai maganar 'ya'ya mata, wadda in ba a sa ta a tsari tun ranar farko ba, ba za ta shigo daga baya ba. Uba a Gwiwa ba zai bar 'yarsa mai shekara 13 ta je ta zauna da saurayi baƙo a ɗaki da yamma ba, kuma ban ga laifinsa ba. Maganin shi ne cikin aji biyun farko ɗaya ya zama na mata, malamarsu mace, cikin harabar makarantar da iyaye suka sani. In an fara da ɗaya da ɗaya, ninkawar za ta tafi da su tare. Mu da muke karanta littattafan Hausa mun fi kowa sanin abin da matan Arewa suke iya yi in alƙalami ya shiga hannunsu, domin su ne suka fi yawa a masu rubuta labaran da muke bi.

Da wane harshe, kuma a rubuta me?

Alamomin HTML 'yan kalmomin Ingilishi ne ƙalilan, yaro zai haddace su kamar yadda yake haddace sunayen 'yan ƙwallo. Amma bayani da Hausa za a yi, abin da ke cikin shafin ma da Hausa. A nan ne za a koya wa yaro tun da wuri ya rubuta ƙ da ɗ da ɓ yadda suke, ya san ƙasa daban kasa daban. Tsofaffin hannu za su tuna wahalar da aka sha a shekarun 1990, har Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro haruffan kwamfuta na Rabi'at da Abdalla don a samu lanƙwasa. Yau layi ɗaya ake sawa a saman shafi, haruffan su fito daidai a mafi yawan wayoyi. Ba mu da sauran uzuri.

Aikin ƙarshen zango kuma ya zama abin da ya shafi garin. Wannan ya je wurin kakarsa ya rubuto tatsuniya, wancan ya rubuta tarihin unguwarsu daga bakin dattawa, waccan ta yi wa ɗinkin mahaifiyarta shafi da hotuna da farashi, wani ya jera sunayen itatuwa da tsirran da ke dajin garinsu da amfaninsu. Yaron da ya yi haka ya koyi tambaya da saurare da tsara magana, ga kuma fasahar a kai. A ranar yaye su a kira iyaye, kowane yaro ya buɗe shafinsa ya karanta. Uban da ya ji tarihin kakansa daga bakin ɗansa a fuskar kwamfuta ba sai an roƙe shi ya turo ƙanin ba.

A kuma kula da inda za a ajiye aikin. A 2009 aka rufe GeoCities da miliyoyin shafukan jama'a. A ƙarshen 2020 Yahoo ta rufe majalisunta, inda marubuta da manazarta Hausa suka yi shekaru suna muhawara. A 2023 OkadaBooks, inda marubutanmu da dama suke sayar da littattafai, ta rufe. Hatta Thimble, manhajar da Mozilla ta yi musamman don koyon gina shafi, an rufe ta a 2019. Wanda ya yi gini a filin aro, ranar da mai fili ya zo ba shi da ta cewa. Saboda haka a koyar da abin da ba na kowane kamfani ba, wato HTML da CSS tsurarsu, a ajiye aikin kowane yaro a filashi da kuma kwamfutar malami, sannan wanda ya yi kyau a ɗora shi a intanet da izinin iyaye, ba tare da cikakken sunan yaro ko hotonsa ko lambar waya ba.

Masu ja da wannan magana

Wani zai ce: yaran da da yawansu ba su iya karanta jimla ɗaya ba, ina su ina gina shafi? Wannan magana tana da nauyi, ba kuma zan yi mata kwana-kwana ba. Yaron da bai iya karatu ba ba zai amfana ba, shi ya sa sharaɗin shiga ya zama iya karanta sakin layi ɗaya na Hausa da rubuta shi, daga aji biyar na firamare zuwa ƙaramar sakandare. Shirin ba zai maye gurbin gyaran firamare ba. Sai dai yana ba yaro dalilin son rubutu, kuma ƙanin da ya ga an hana shi shiga don bai iya karatu ba zai dage. Mun ga irin haka a baya. Hukumar yaƙi da jahilci da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980, lokacin Kazaure da Babura suna cikin Jihar Kano, ta koyar da manya karatu, littattafan soyayya da suka biyo baya kuma suka ba mutane dalilin riƙe karatun.

Wani kuma zai ce: tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022, na'ura tana rubuta shafi cikin daƙiƙa, to me ya rage a koya? Gaskiya ne tana yi. Amma na'urar lissafi ba ta sa an daina koyar da jadawalin sau ba. Wanda ya san yadda shafi yake a ciki shi zai gane in na'ura ta yi masa shirme, ya gyara, ya umarce ta da abin da yake so. Wanda bai sani ba sai abin da aka ba shi. Kuma babu na'urar da ta san tarihin wata unguwa a Roni in ba wani ɗan Roni ya zauna ya rubuta ba.

Akwai kuma iyaye masu tsoron lalacewar tarbiyya, tsoron da yake da tushe. Amsar ita ce ajin da nake magana ba shi da intanet sam a mafi yawan makonninsa. Kuma wayar da ake tsoro ta riga ta shiga gidajenmu. Gara yaro ya fara sanin na'ura a matsayin kayan aiki a gaban malami, da ya fara saninta a matsayin abin kallo a bayan ɗaki.

Kammalawa

Ga masu ba da tallafi, ko gwamnatin jiha ce, ko ƙananan hukumomi, ko hukumar NITDA, ko 'yan asalin yankin da Allah Ya buɗa wa a Kano da Abuja da Legas, roƙona shi ne ku sauya tambayar da kuke yi. In an zo muku da rahoto, ku bar tambayar kwamfuta nawa aka raba. Ku tambaya malamai nawa mazauna gari suke koyarwa yau, yara nawa suka fara kuma nawa suka kai mako na 12, mata nawa ne a ciki, kuma aji nawa ne yake tafiya bayan wanda ya kafa shi ya daina zuwa. Kuɗinku ma ku karkata shi can: ɗan alawus na wata-wata ga malami, kuɗin mota na mai zagayawa duba ajujuwa, da asusun gyara da sauya batir. Waɗannan ba sa kyau a hoto, amma su ke riƙe aji.

Ga matasan da suka fara wannan aiki kuma, ku yi haƙuri da ƙanƙantar farawa. Kazaure ta samu abin da wasu ba su samu ba tun 2001, yanzu an kusa shekara 25 ko an haura, akwai ɗaruruwan waɗanda suka yi karatun kwamfuta a garin suna zaune a cikin jama'a. In kowane ɗaya daga cikin 'yan kaɗan ɗinsu ya reni mutum biyu da za su iya tsayawa a gaban aji, to yaran Roni da Gwiwa da Babura ba za su jira ranar jarrabawa kafin su taɓa kwamfuta ba, kuma wata rana daga cikinsu za a samu masu gina wa adabin Hausa gidan kansa.

Wanda yake da gyara ko ƙarin bayani, musamman malaman makaranta na wannan yanki, ƙofa a buɗe take. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu. Wassalam.